Orvil da Irin Bishiyar Goggo Vesta

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan mai a Tarpley ya san Orvil Tackett, ko yana so ko ba ya so. Dogo ne mai tumbi, da hular farauta wadda ko a coci sai matarsa ta zungure shi yake cirewa. A bakinsa babu abin da bai iya ba. Shi ne ya gyara famfon makaranta har yara suka koma shiga aji da takalmin ruwa. Shi ne kuma maharbin da a duk tarihin farautarsa barewa ɗaya ya taɓa samu, ita ma ta roba ce, wadda matar Fasto ta kafa a ƙofar gida don ado. Har yau yana cewa da mai rai ce da ba ta tsira ba.

To, a hannun wannan bawan Allah irin bishiyar Goggo Vesta ya faɗa, kuma in na tuna sai raina ya fara ɓaci kafin dariya ta zo.

Goggo Vesta gwaggon matarsa Lurleen ce, tsohuwa ƙarama mai sanda da kaifin harshe. Tun da mijinta Arlis ya rasu take zaune ita kaɗai a gindin tudu. A bayan gonarta akwai wani gurbi mai zurfi a rafi, inda marigayin yake zama yana jefa wa kifi ɓarɓashin burodi. Da ya mutu sai ta bi itatuwan wurin ta shafa musu fenti shunayya, kuma kowa a nan ya san ma'anar wannan: kada ƙafarka ta shigo. Kifayen Arlis suka yi ta ƙiba babu mai taɓa su. Haka dai ake cewa.

A ƙuruciyarta duk tsaunukan Ozark cike suke da wata bishiya da ake kira cinkapin. Kaka na yi sai ƙunshin ƙayar da ke rufe 'ya'yanta ya tsage, ƙwaya guda ta leƙo tana sheƙi, ba ta wuce gujiya ba, ga zaƙi. Yara su cika aljihu a hanyar makaranta, barewa da talo-talon daji su yi kitse. Sai wani ciwo ya shigo ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya bar kututture. Guda ɗaya ce ta ƙi mutuwa, a bayan gidan Goggo. Ita ma tsawa ta zo ta raba ta biyu. Ta daure ta yi 'ya'yan ƙarshe a wannan kakar, sannan ta bushe. Goggo ta sa safar hannu, ta yi ta rige-rige da kurege a gindinta har ta cika bokiti.

Ranar Lahadi bayan sujada, ana cin abinci a zauren coci, ta ce tana neman wanda zai kai bokitin birni wurin mutanen gandun daji.

Orvil ya ajiye cinyar kaza. "Birni, Goggo? Ina zaune? Ni da ƙasa tun ina rarrafe muke mutunci. Ko sandar tsintsiya na soka sai ta yi ganye."

Doyle, ƙanen Lurleen, mai gidan mai da shagon kayan fatsa, ya ɗago daga kan farantinsa. "Tumatirin bara fa, Yaya?"

"Iri ne marar kyau."

"A wurina ka ɗiba, nawa kuma ya yi."

"To na ƙasan gwangwani ka ba ni." Orvil ya miƙe tsaye don na ƙarshen tebur su ji. "Ku saurara. Ranar gyaran kabari, lokacin da duk dangi suka dawo gida, a gaban kowa zan shuke tudun nan kaf. Nan da 'yan shekaru barewa layi za su riƙa bi. Talo-talo sai an ture shi da ƙafa kafin a wuce."

"Matar Fasto gara ki shigar da barewarki cikin gida," in ji Doyle.

Goggo ta daɗe tana kallon Orvil. Ba yarda da shi ta yi ba, ko kusa. Amma filin da ke jikin maƙabarta a kan tudu, inda bishiyoyin mahaifinta suka tsaya a da, Lurleen ce ta gada, kuma tsohuwar tana so ta ga 'ya'yan sun koma inda iyayensu suka fito tun tana da ido.

"Abu uku," ta ce. "Kada ya bushe. Kada ya daskare. Kada haƙori ya taɓa shi. Ka sa shi cikin ƙasa mai laima, a wuri mai sanyi, har lokacin sanyi ya wuce. Babu wani iri bayan wannan, Orvil. In ya tafi, ya tafi ke nan."

"Goggo, kamar kin kai banki."

"Bankin garin nan ma ai rufewa ya yi," in ji Doyle.

Bokitin bai daɗe a gidan Orvil ba sai ya ga wasu fararen tsutsotsi ƙanana suna fitowa daga wasu ƙwayoyin. Ya taɓa jin ana cewa ruwan ɗumi yana kashe su. Bai tambayi ɗumi iya ina ba, don tambaya a wurinsa zubar da girma ce. Ya fito da ƙatuwar tukunyar da yake soya talo-talo ranar biki, ya kafa a tsakar gida, ya kunna gas, ya juye kusan rabin bokitin.

Sai ga Hoyt Blevins, maƙwabcinsa bakanike, ya jingina da shinge.

"Miya ake yi?"

"Magani ake yi, Hoyt. Ba aikin sifana ba ne, ba za ka gane ba."

Ya shiga yi masa bayani. Daga tsutsa ya koma kan barewar da za ta zo, daga barewa ya koma kan inda zai gina rumfar harbi, daga nan ya koma kan wani beyar da ya taɓa kora da tsawa kawai. Hoyt yana sauraro yana shanshana iska.

"Orvil, maganin nan naka ƙamshi yake yi."

Tukunya tana ta tafarfasa, murfi yana rawa. Orvil ya zabura ya kashe wuta, ya ƙona yatsa, ya tsamo ƙwaya ɗaya ya latsa. Ta narke lugub. Hoyt ya tsallako shinge, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, ya lumshe ido.

"Rabona da wannan tun ina yaro. Akwai gishiri?"

Lurleen ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Irin Goggo ka dafa?"

"Gwaji na yi. Duk mai shuka na ƙwarai sai ya ɗanɗana irinsa."

"Rabin bokiti?"

"To ai tsutsar ta mutu ko ba ta mutu ba?"

Kafin yamma Hoyt ya kai wa rabin unguwa ɗanɗano. Kowa ya ci, kowa ya yaba, kuma babu wanda ya iya kai wa Goggo labari, don duk bakinsu ya taɓa.

Wani da ya yi wannan ɓarna sai ya nutsu. Orvil kuwa sai ya ga laifin ajiya ne. Me ya sa za a tsare iri a gida, bishiya tun fil'azal ba a ƙasa take zubar da 'ya'yanta ba? Ya ɗebi fiye da rabin abin da ya rage ya hau tudu ya bi layi yana binnewa. Batun haƙori kuma ya ce ya gano inda kowa ke kuskure.

"Kurege ba mugu ba ne," ya gaya wa masu zaman benci a shagon Doyle. "Yunwa ce ke sa shi sata. Ka ƙosar da shi, sai ya bar maka naka. Ni sulhu na yi da shi."

"Ya sa hannu?" in ji Doyle.

Sulhun shi ne buhunan masara da Orvil ya zazzage ya kewaye filin da su. Labari ya bazu a daji. Kuregen da ba a taɓa gani a Tarpley ba suka zo, har da masu furfura. Suka tsallake masarar kamar ba su gan ta ba, suka bi layin da Orvil ya ja musu a miƙe, suna tonewa ɗaya bayan ɗaya. Ya sauƙaƙa musu aiki, ko shanshanawa ba sai sun yi ba. Masarar kuma ta kira aladun daji. Su ba su zaɓe, suka cinye masara, suka bi ƙasa da hanci suka yi wa filin huɗa, suka karya shingen maƙabarta, suka kwana a kan kabarin kakan Hoyt.

Orvil ya hau da bindiga yana ihu. Wata uwar alade ta juyo ta dube shi, shi kuma ya tuna yana da aiki a kan rufin motarsa. Can Hoyt ya same shi a zaune, ya rungume gwiwa.

"Sauko, sun tafi."

"Daga nan na fi ganin filin. Aunawa nake yi."

"Dabbobin daji dai ka ce za ka kawo mana," in ji Doyle da labari ya iso shago. "Ga su ka kawo, tun bishiya ba ta fito ba. Yaya, ka wuce alkawari."

Kowace Lahadi Goggo takan tare shi a bakin coci da sandarta. "Ina 'ya'yana?"

"Suna barci lafiya, Goggo."

Abin da ya rage a gindin bokiti bai fi cikin hula ba. Wannan karon ya bi maganar tsohuwar: ya cakuɗa da ƙasa mai laima, ya ƙulle a leda, ya sa a firjin gida. Sai dai akwai sauran fararen tsutsotsin nan, kuma ɗaya daga cikinsu ya fito yawo ya hau kek ɗin da Lurleen ta yi wa taron matan coci. A gaban mata aka gan shi yana tafiya a kan sukari, babu sauri. Lurleen ta dawo ta ajiye masa ledar a kan cinya.

"Ko su ko ni."

Ya tafi wurin Doyle. A shagon akwai wani firji na musamman da ake ajiye tsutsar fatsa, a cikin 'yan fararen robobi masu murfi, kowace cike da baƙar ƙasa mai laima. Sanyinsa daidai, ba ya daskarar da komai.

"A'a," in ji Doyle.

"Ban ma faɗi abin da nake so ba."

"Na ga inda kake kallo. Ko lemo ka saya ba na so ka buɗe firjin nan da kanka."

Allah da ikonsa, cikin makon sai haƙori ya kama Doyle, kumatu ya kumbura, ya rasa wanda zai tsare masa shago ya je a cire sai Orvil. Motarsa na ɓacewa Orvil ya ɗauko robobin da babu komai a ciki, ya zuba baƙar ƙasa, ya tsoma ƙwayoyin a kowace, ya rufe, ya jera su can baya a ƙurya. Bai yi musu wata alama ba, don alama ita za ta tona shi. Ya ja baya ya duba. Ko shi ba zai iya bambanta su da na tsutsa ba. Daɗi ya kama shi har ya yi wa firjin gaisuwar soja.

Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta zo ta tafi. Orvil kullum yana shago, yana shan gahawar Doyle kyauta yana faɗin yadda tudu zai koma. In ya faki ido sai ya leƙa ta gilashin firji, ya ga layin baya yana nan reras, ya yi murmushi.

Wajen ƙarshen sanyi ya lura Hoyt ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. In ya sayi tsutsa sai ya buɗe robar a nan take, ya tona da yatsa.

"Ƙirga su kake yi, Hoyt? Ko gaisawa kuke?"

Hoyt ya rufe robar, ya biya, ya fita. Ba a jima ba Fasto Emmett ma ya shigo, ya ɗauki roba, ya juya baya, ya ɗaga murfi a hankali ya leƙa.

"Fasto, addu'a ake musu kafin su tafi?"

Fasto ya yi dariyar yaƙe ya fita da sauri. Orvil ya girgiza kai, ya ce mutanen garin nan rashin yarda zai kashe su.

Itatuwa suka fara toho. Goggo ta ce ƙasa ta yi ɗumi, a shuka. Orvil ya ce tukuna. Ta sake cewa, ya sake cewa tukuna. Gaskiyar magana, ba ƙasa yake jira ba, 'yan kallo yake jira.

Ranar gyaran kabari tudu ya cika. Dangi daga nesa suka zo da furanni da manjagara, aka share kaburbura, aka miƙe shingen da aladu suka karya, aka shimfiɗa teburan abinci a inuwa: soyayyar kaza, wake, burodin masara, kek kala-kala. A filin Lurleen kuwa Orvil ya haƙa ramuka a jere, kowane da 'yar tuta. Ya sayi sabuwar hula. Da safe, Doyle yana zuba wa wata mota mai, Orvil ya lallaɓa ya kwashe layin baya na firji cikin kwali, bai tsaya buɗewa ba. Kwalin yana nan a kan tebur an lulluɓe shi da farin mayafi.

Aka kawo wa Goggo Vesta kujera gaba. Ta sa rigarta ta zuwa biki.

Orvil ya yi jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa kansa. Ya ce wasu sun yi dariya, wasu sun yi gulma, ya dubi Doyle. Ya ce ajiyar iri baiwa ce, ba a koya, kuma jikokin jikoki za su zauna a inuwar nan su tambayi wane ne ya yi wannan. Ya nemi Fasto ya sa albarka. Fasto ya sa, a gajarce. Sannan Orvil ya yaye mayafi.

Doyle ya ajiye cokali. "Robobina ne waɗancan?"

"Aro na yi, ƙanena. Tarihi zai ambace ka." Ya ɗauki ɗaya, ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya buɗe. "Goggo, ta farko da hannunki."

Goggo ta tsoma yatsu a cikin baƙar ƙasa, fuskarta ta yi haske kamar ta yarinya. Ta lalubo, ta jawo. Abin da ya fito dogo ne, ja, yana lanƙwasa yana nannaɗe mata yatsa.

"Saiwa ce," in ji Orvil. "Ta yi tsawo."

"Saiwarka tana tafiya," in ji Hoyt.

Orvil ya buɗe ta biyu. Tsutsa. Ta uku, tsutsa. Ya shiga juye robobin a kan tebur yana tonawa da hannu biyu, baƙar ƙasa tana tsalle cikin wake, tsutsotsi suna bin farin mayafi suna neman hanya, mata suna janye farantai. Yara suka fashe da dariya, manya suka bi su. Babu ƙwaya ko ɗaya.

"A ina ka sa su?" Doyle ya tambaya.

"Can baya. A ƙurya."

"Yaya, kai ko tambaya ba ka yi? Duk sanda sabon kaya ya zo, na baya nake jawowa gaba, in sa sabo a baya. In ba haka ba tsutsa ta mutu a hannuna. Naka tun ana sanyi na sayar da su."

Dariya ta yanke, don mutane sun dubi Goggo. Tana zaune da tsutsar a tafin hannunta, ba ta yar ba. Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Wallahi ni ranar da a ce an bar ni da Orvil a bayan coci, da Fasto ya yi jana'iza a makon nan.

"Ai ita tsutsa ma tana gyara ƙasa," Orvil ya fara, murya can ƙasa. "In aka zuba a ramukan nan..."

"Rufe mana baki," in ji Lurleen.

Doyle yana ta sosa kai. "Abin da ban gane ba, babu wanda ya dawo min da roba. Ko mutum ɗaya."

Goggo ta ɗago. Ta ajiye tsutsar a kan ciyawa, ta goge hannu a rigar bikinta, ta bi taron da kallo.

"Maimaita, Doyle."

"Babu wanda ya dawo, Goggo."

"A Tarpley? Mutum ya sayi tsutsa, ya je bakin ruwa ya buɗe ya ga ƙwaya, kuma bai dawo ya tashi shago da masifa ba? Ku da in gahawa ta huce sai an ji ku a ƙetaren titi?" Ta buga sanda a ƙasa. "Sai dai in inda mutum ya je ba ya so a sani."

Hoyt ya shiga nazarin gajimare. Wasu dattawa biyu suka sunkuya suna gyara igiyar takalmi. Fasto Emmett ya yi gyaran murya, ya cire tabarau, ya mayar.

"'Yar'uwa Vesta, ba zan iya tsayawa a gaban kabarin Arlis in yi shiru ba. Na samu roba biyu. Ranar da na ce zan je duba marar lafiya ne."

"Shi ya sa marar lafiyar nan kullum ƙarnin kifi yake yi," in ji matarsa.

"Ina ka je, Emmett?" in ji Goggo.

"Gurbin Arlis."

Hoyt ya sauko daga gajimare. "Kai ma? Ni na ɗauka ni kaɗai na san hanyar bayan dutsen."

"Wace hanyar bayan dutse?" in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Ta ƙarƙashin waya ta fi kusa."

Goggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da kowace Lahadi suke riƙe mata ƙofa. "Fentina ado kuka ɗauke shi. To, za mu zo kan wannan. Me kuka yi da ƙwayoyin? Kun ci?"

"Sun fito da farin tsiro, ba su ciwuwa," in ji Hoyt. "Kuma ba zan watsar a bakin ruwa ki gani ba. Sama na hau kan gangare, na tona da dugadugi, na juye har ƙasar, na rufe."

"Ni har ƙaya na jawo na ɗora a kai," in ji Fasto, kansa a ƙasa. "Don kada a ga sabon tono."

Dattawan suka ce su ma haka, rassa suka tara a kai.

Goggo ta miƙe ba tare da an kama ta ba. "Hoyt, kawo motarka."

Haka aka bar kaza da wake a kan tudu, aka gangara a jere, mota a gaba, jama'a a baya da kayan coci, Orvil can ƙarshe da sabuwar hula a hannu. Aka wuce itatuwa masu fenti. A kan gangaren da ke kallon gurbin, Fasto ya nuna wani tarin ƙaya. Hoyt ya sa sanda ya ɗaga.

Suna nan. Siraran tsirrai a cunkushe, ba su kai gwiwa ba, ganyensu dogo mai baki irin na zarto. Ƙayar ta hana kurege tono, ta hana barewa kiwo. Aka ɗaga tarin rassa na gaba, suna nan. Na gaba ma haka. Duk inda wani ya binne laifinsa, cinkapin ya fito.

Goggo ta durƙusa da ƙyar, ta kama ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu, ta juya bayansa ta shafa. Ta daɗe a haka.

Sai aka ji gyaran murya daga baya. Orvil ya mayar da hularsa, yana ratsa mutane.

"To, kun gani? Dama lissafina ke nan. Iri ba ya son a tara shi wuri ɗaya. Na ce bari in rarraba shi ta hannun jama'a, ba tare da sun sani ba, don in sun sani..."

"Orvil." Goggo ba ta ko juyo ba. "Tsaya a nan inda kake."

"Dubawa kawai zan yi, Goggo. Ina ganin suna son ɗan taki."

"Doyle, Hoyt, ku riƙe shi."

Suka riƙe shi, kuma da alama sun ji daɗin aikin. Aka taimaka mata ta tashi. Ta ce tunda ɓarayin kifi sun fi mai baiwa iya shuka, to ta yafe, gurbin Arlis a buɗe yake gare su daga yau. Amma duk wanda ya zo da ƙugiya sai ya zo da waya ya kewaye tsiro, in rani ya yi kuma ya ɗebi ruwa ya haura gangare kafin ya jefa fatsa. In sun yi ƙwari, Lurleen za ta cire wasu ta kai tudu da hannunta.

"Fentin fa, Goggo?" Doyle ya tambaya. "A kankare?"

"A ƙara masa. Yanzu na mutum ɗaya ne."

Sannan ta aika a kwaso mata tsutsotsin da suka rage a kan tebur, ta karɓi sandar fatsar da Hoyt ya ɓoye a bayan kujerar mota, ta zauna a kan dutsen da Arlis yake zama, da rigar biki, ta jefa ƙugiya.

Bishiyoyin suna nan yanzu sun fi mutum tsawo, kuma barewa sun fara zagayawa. In ka tsaya shan mai a Tarpley Orvil zai kama hannunka ya ce sai ka ga cinkapin ɗin da ya shuka. Ka bi shi, ba laifi. Sai dai ka sa takalmi mai ƙwari, don zagaye za ku yi ta gada, kuma daga ƙetaren rafi zai nuna maka su da yatsa.